Rumbun tsimi da inshorar fari: wa ke riƙe da makulli?

Tanadin kuɗi ko na hatsi kafin masifa ta auko ba sabon tunani ba ne a ƙasar Nijar. A cikin wannan taƙaitaccen nazari muna son mu nuna cewa muhawarar da ake yi kan kuɗin canjin yanayi tana da tushe a tarihin rumbun tsimi.

Bari mu fara da shekara ta 1931. Farin ɗango sun cinye gonaki a damanar 1930, musamman a yammacin ƙasar, wajen Yamai, Doso da Tilaberi. Duk da haka gwamnatin mulkin mallaka ba ta sassauta harajin kai ba, wato lanho, kuma da tsabar kuɗi ake biyansa. Magidanci ya sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, ya biya. Da bazara ya koma kasuwa ya tarar farashi ya fi ƙarfinsa. Dubban mutane suka mutu, wasu garuruwa suka watse. André Salifou da Finn Fuglestad, da suka bi takardun wannan zamani, sun nuna cewa laifin bai tsaya ga fara kaɗai ba.

Maganin da Turawan Faransa suka ɗauka shi ne tsananta dokar rumbun tsimi. Kowane mai gida sai ya zuba wani kaso na hatsinsa da kaka, a rufe, ba a buɗewa sai da izinin kwamandan. A takarda dabara ce mai kyau. Amma manomi dama ya san tanadi. Abin da aka sauya shi ne hannun da ke riƙe da makulli. Hatsi yakan ruɓe, ko ya ragu tsakanin sarkin kanto da dogarawansa, ko a buɗe rumbu bayan an riga an yi ƙaura. Shi ya sa talakawa suka ɗauke shi tamkar lanho na biyu.

Bayan samun mulkin kai, makullin ya koma Yamai: an kafa ofishin cimaka na OPVN a 1970, sai dai farin 1968 zuwa 1974 ya fi ƙarfinsa. Sojojin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974 sun kafa hujja da yadda aka karkatar da taimakon abinci.

Daga nan makullin ya ƙetare iyaka. A 2012 Tarayyar Afirka ta kafa hukumar ARC: ƙasa tana biyan kuɗin inshora kafin damana, tauraron ɗan adam yana auna ruwan sama, in ya gaza wani mizani sai a biya ta diyya. A farkon 2015 Nijar ta samu wajen dalar Amurka miliyan 3.5. Saurin biya ci gaba ne, ba mu musa ba. Amma a 2016 lissafin hukumar ya ce babu farin da ya kai a biya Malawi, alhali mutane suna cikin yunwa, saboda an yi shi bisa irin masarar da yawancin manoma ba su shuka ba. Sai da aka sake lissafi aka biya wajen dala miliyan 8 a 2017.

Akwai kuma abin da ya bambanta zamaninmu da 1931. Hayaƙin da ke ɗumama duniya kusan duk ba daga Sahel ya fito ba, amma baitulmalin ƙasar Sahel ne ke biyan kuɗin inshora. An amince da asusun asara da ɓarna a taron Sharm el-Sheikh a 2022. A damanar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta kuma rusa tsohon masallacin Birnin Damagaram; inshorar fari ba ta shafi ko ɗaya daga cikin wannan asara ba.