Awon Aikin Abdullahi Smith a Zariya

A 1962 Abdullahi Smith ya kafa Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Tallafinsa ga matasan manazarta ya wuce darasin aji: ya tura su neman rubuce-rubucen Larabci a zaurukan malamai, kuma a 1970 ya samar musu da matattara, Gidan Arewa da ke Kaduna.

Wahalar tana wajen awo. Yusufu Bala Usman ya kammala kundinsa kan Katsina a 1974, bai fito littafi ba sai 1981. Hukumar da ke neman rahoto duk shekara, da asara za ta lissafa shekarun nan bakwai. Kundin Abdullahi Mahadi kan sarautar Kano kuwa sai 1982, shekara ashirin da kafa sashen.