Inabin Zinariya da Ganuwarsa: Sunayen Ƙwayar da ke Kawo Maruru

A shekarar 1880 wani likitan tiyata a birnin Aberdeen na Sikotilan, Alexander Ogston, ya ɗebo mugunya daga ƙurjin majiyyaci ya duba ta da madubin ƙara girma. Ya ga 'yan ƙwayoyi zagayayyu sun cure wuri guda. Daga Girkanci aka haɗa musu suna: staphyle, nonon inabi, da kokkos, ƙwayar ɗan itace. A 1884 Bajamushe Friedrich Rosenbach ya raine su a faranti, ya ga wasunsu suna fitar da launin rawaya, sai ya ƙara aureus, wato "na zinariya" da Latin. Haka aka samu Staphylococcus aureus, inabin zinariya.

Bahaushe bai ga ƙwayar ba, aikinta ya gani, shi ya raɗa wa suna: maruru, hazbiya, ƙurji mai tara mugunya. A wannan fanni sunayenmu sun fi faɗin gaskiya, domin na Turawa kama da launi kawai ya bayyana. Kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da ƙwayar a hancinsa lafiya lau. Amma in ta samu kafa ta shiga jini, ko ƙashi, ko zuciya, tana iya kisa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya danganta ta da mutuwar mutum fiye da miliyan ɗaya a shekarar 2019 kaɗai. Tun 1961 aka gano nau'inta mai bijire wa maganin metisilin a Ingila, wanda ake kira MRSA.

Masu neman rigakafi sun fi zuba ido a kan abin da ya kewaye ƙwayar, tunda shi garkuwar jiki ke fara cin karo da shi. Masu fassara sukan ce "bangon ƙwaya". Ni ban gamsu da bango ba. A 1958 James Baddiley da abokan aikinsa a Newcastle suka gano wasu dogayen sinadarai da ke tsirowa daga wannan kewaye, suka kira su teichoic. Girkawa suna da kalma biyu: toichos, bangon ɗaki, da teichos, katangar tsaron birni. Ta biyun aka ɗauka, kuma fassararta a wurinmu ganuwa ce. Bango tsayawa kawai yake yi. Ganuwa kuwa tana da ƙofofi da masu gadi, ana shigo da abinci ta cikinta, ana kuma yaƙi daga kanta. Tarihin gwaje-gwajen rigakafin nan ya nuna ganuwa ce aka tunkara.

An fara da kafsul, lulluɓin sukari da ke saman ganuwar. Kamfanin Nabi ya haɗa allurar StaphVAX daga nau'in kafsul na 5 da na 8, aka gwada a kan masu wankin ƙoda, a 2005 aka tabbatar bai kare su ba. Daga baya aka lura cewa USA300, nau'in da ya addabi Amurka, ba ya ma yin kafsul ɗin. Kamfanin Merck ya koma kan IsdB, furotin da ke kafe a ganuwar yana sato sinadarin ƙarfe daga jinin mutum. An yi wa kusan mutum 8,000 masu shirin tiyatar zuciya da ƙirji gwajin allurar V710 da aka haɗa daga wannan furotin, aka dakatar a 2011. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin waɗanda cutar ta kama duk da haka, mace-mace sun fi yawa a ɓangaren da aka yi wa allurar. Pfizer ya haɗa abu huɗu wuri guda, aka gwada a kan masu tiyatar ƙashin baya, shi ma aka tsayar a ƙarshen 2018.

Wani ɓangare na dalilin gazawar waɗannan allurai yana ƙarƙashin sunan da ya fi kowanne rashin ma'ana: Furotin A. Harafi ne kawai, ba ya gaya maka komai. Makamin garkuwar jiki da ake kira antibodi yana da hannu biyu da yake damƙe ƙwayar cuta da su, da wutsiya da ke kiran fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye ta. Furotin A, wanda ke jikin ganuwar ƙwayar, yana kama shi ta wutsiyar, ya juya shi baibai. Ke nan allura za ta iya sa jini ya cika da antibodi, awon ɗakin gwaji ya yi kyau, majiyyaci kuma bai tsira ba.

Sinadaran teichoic ɗin ma, waɗanda yanzu ake sa rai a kansu saboda jikin yawancin mutane ya riga ya san su, ba zaune suke ba. Ƙwayar tana liƙa musu wani sukari, kuma a 2018 masu bincike a Jamus suka bayyana TarP, sinadarin da wasu nau'o'in MRSA ke amfani da shi su sauya gurbin sukarin. Da wannan ɗan sauyi sai garkuwar jiki ta rage gane su.

Shi ya sa nake roƙon malaman makarantun kiwon lafiya da masu shirye-shiryen rediyo su riƙa cewa ganuwar ƙwaya, domin ɗalibi ya san da abu mai kare kansa ake fama. Kai kuma mai karatu, har yau babu allurar rigakafin wannan ƙwaya da aka amince da ita a ko'ina a duniya. Wanke hannu, rufe ciwo, kada ka matse maruru, musamman na fuska, kuma in ƙurji ya zo da zazzaɓi ka tafi asibiti.