JAKI DA MANGALA: TARIHIN TAKIN BOLA A ƘASAR KANO

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, na tabbata kuna tune da ramukan da malamin aikin gona ya sa mu haƙa a bayan ɗakin cin abinci. Mukan jibga ɓawon doya da ruɓaɓɓen tumatir, mu bi da kashin shanu da toka, mu yayyafa ruwa, mu riƙa juyawa muna toshe hanci. A lokacin mun ɗauka horo ne kawai. Ashe tsarin da wani Bature, Albert Howard, ya gwada ne a garin Indore na ƙasar Indiya, ya kuma rubuta littafi a kansa a 1931.

Amma kafin a haifi Howard, manoman kewayen birnin Kano sun daɗe da sanin sirrin. Da rani mutumin ƙauye zai ɗoro wa jakinsa itace ko kara ya shigo birni ya sayar, sa'an nan ya cika mangala da bola ya koma. Bolar wancan zamani kuwa tsabar taki ce: tokar murhu, sharar tsakar gida, kashin awaki da tumaki, da ɗan abin da ya rage daga madafa. Na ce ɗan abin, domin ragowar tuwo ta almajiri ce, dusa da ɓawo na akuya ne, sai abin da kowa ya ƙi ke isa juji. A gona a kan zube ta tsibi-tsibi, kafin ruwan shuka a baza. Birni ya tsabtata, gona ta ƙoshi, mai jaki ya sami na cefane.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero, ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Abin da ya tarar shi ne ana noma gonakin kowace damina ba hutu, duk da cunkoson jama'a, amma ƙasar ba ta mutu ba. Taki ne ya riƙe ta, shi ke sa rairayi ya riƙe laima.

Daga 1976, da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, takin zamani ya yawaita da rangwame, har wasu suka fara raina juji. Takin buhu yana ciyar da shuka, amma ba ya gyara jikin ƙasa. Da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, musamman bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, sai idanu suka koma kan bola.

Sai dai bolar ba irin ta da ba ce. Leda ta shiga, ga kwalba, ga mataccen batir. Wadda aka tula a bayan gari tana ruɓewa ba iska, tana fitar da gas mai ɗumama duniya, wadda ta faɗa kwata kuma ta jawo ambaliya. Manomin da ya sayi tifa guda a yau sai ya tara 'ya'yansa su wuni suna tsince leda kafin ya baza.