Wa Ke da Ikon Yafewa? Nazarin Hukuncin da Aka Yi wa Diego Maradona Bayan Mutuwarsa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda aka auna rayuwar Diego Armando Maradona (1960–2020) bayan mutuwarsa, musamman a Ajantina da birnin Napoli da Ingila. An dogara da abubuwan da suka tabbata a bainar jama'a: wasanni, hukunce-hukuncen kotu da na hukumomin ƙwallo, da abin da ya gudana a kwanakin makoki. Maƙalar ta nuna cewa muhawarar ta cakuɗe ne saboda ana zuba laifuffuka masu asali daban-daban a ma'auni guda, alhali mai haƙƙi a kowannensu daban ne. Sakamakon haka, laifin da ya fi shahara ya danne wanda ya fi nauyi.

1.0 Gabatarwa

Maradona ya mutu ranar 25 ga Nuwamba, 2020, a wani gidan haya a yankin Tigre kusa da Buenos Aires, yana da shekara 60, makonni uku bayan tiyatar cire jinin da ya taru masa a kai. Shugaba Alberto Fernández ya ayyana makokin kwana uku, aka ajiye gawar a fadar gwamnati ta Casa Rosada, jama'a suka yi dafifi har sai da aka gwabza da 'yan sanda. Kafin shekara ta ƙare, hukumar birnin Napoli ta sauya wa filin wasa na San Paolo suna zuwa nasa.

A makon mutuwarsa kuma, wata 'yar ƙwallo a ƙaramin rukunin mata na Sifaniya ta ƙi tsayawa shirun minti ɗaya da aka yi masa. Zama ta yi a ƙasa ta juya baya, ta ce ba za ta karrama mutumin da ake zargi da cin zarafin mata ba. Ta sha zagi da barazana a intanet. Tsohon mai tsaron gidan Ingila, Peter Shilton, shi ma ya faɗi tasa: ya yarda da gwanintar mamacin, amma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne bai taɓa ba da haƙuri ba. Dukkansu biyun suka ne, sai dai ba abu ɗaya suke suka ba, kuma a nan wannan bincike ya kafa tambayarsa.

2.0 Waiwaye a kan ayyukan magabata

Masanin al'adu Eduardo Archetti, a littafinsa na 1999 kan mazantaka da ƙwallo a Ajantina, ya nuna cewa ƙasar ta ƙera siffar gwarzonta tun kafin a haifi Maradona. Siffar ita ce pibe: yaron unguwar talakawa da ya koyi ƙwallo a kango, mai yanka, mai wayo, wanda ba ya girma kuma ba a tuhumarsa kamar babba. Marubucin mujallar El Gráfico mai laƙabin Borocotó ya zana wannan yaro tun 1928. Da Maradona ya fito daga Villa Fiorito, unguwar da ba famfo ba kwalta, ya fara buga wa Argentinos Juniors a 1976 saura kwana goma ya cika shekara 16, riga ce ɗinkakkiya ya tarar ya saka. Pablo Alabarces, a nasa littafin na 2002, ya ɗora da cewa a ƙasar da soja da 'yan siyasa suka zubar da mutuncinsu, Maradona ne ya rage abin da kowa zai kira nasa.

Waɗannan ayyuka sun bayyana dalilin soyayyar. Amma akwai abin da ke biyo bayan siffar yaron da ba ya girma: duk wanda al'umma ta ƙi ɗauka a matsayin baligi, ta sauke masa nauyin amsa tambaya.

3.0 Hannu da ƙafa: 22 ga Yuni, 1986

A filin Azteca na birnin Meziko, a wasan dab da na kusa da na ƙarshe, Maradona ya ci Ingila biyu cikin minti huɗu. Ta farko a minti na 51 da hannun hagu ya tura ta saman Shilton, alƙalin wasa Ali Bin Nasser ɗan Tunisiya bai gani ba. Ta biyu daga tsakiyar fili ya ɗauko ta, ya yanke 'yan wasan Ingila ɗaya bayan ɗaya har da mai tsaron gida. Ita ce aka zaɓa ƙwallon ƙarni a ƙuri'ar FIFA ta 2002. Aka tashi 2–1, mako guda bayan nan Ajantina ta doke Jamus ta Yamma 3–2 ta ɗauki kofi.

Ba a fahimtar wannan wasa sai an tuna da yaƙin tsibiran Malvinas, waɗanda Birtaniya ke kira Falkland, a 1982. Sojojin Ajantina 649 suka mutu, da yawansu samari ne da aka ɗauka aikin soja na dole, Birtaniya ta rasa 255. Kafin wasan 'yan wasa sun yi ta cewa ƙwallo daban siyasa daban, amma a tarihin rayuwarsa da ya fito a 2000 Maradona ya amsa cewa ramuwa ce a zukatansu. Shi ya sa a Ajantina ba a jin kunyar ƙwallon hannun, ana ma ganin ta a matsayin wayon marar ƙarfi a kan mai ƙarfi.

Cuta ce, babu tantama, kuma Ingila na da hujjar ƙorafi. Sai dai in an auna ta da sikelin wasa, ba ta wuce abin da ake yi a fili kowane mako ba. Shi kansa an yi masa wanda ya fi haka: Claudio Gentile na Italiya ya yini yana tokarinsa a gasar 1982, Andoni Goikoetxea na Athletic Bilbao ya karya masa idon sawu a 1983. Abin lura kuma, kasuwa ta riga ta yanke nata hukuncin. Rigar da ya saka a ranar, wadda Steve Hodge na Ingila ya karɓa a musayar riguna, an sayar da ita a Sotheby's a Mayun 2022 kan fam miliyan 7.1. Laifin da ya zama kayan gwanjo ya fita daga sahun abin da ake jin zafinsa. Duk da haka shi ne kanun labarin wasu jaridun Ingila washegarin mutuwarsa.

4.0 Napoli

Napoli ta saye shi daga Barcelona a 1984 kan kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin, kimanin fam miliyan 6.9. Birni ne da arewacin Italiya ke wa kallon raini. A filayen Verona da Milan da Turin ana yi wa magoya bayansa gorin kwalarar 1973 da girgizar ƙasar 1980, ana kiran dutsen Vesuvius ya yi aman wuta ya wanke su. Da shi kulob ɗin ya ɗauki kofin Serie A a 1987 da 1990, da kofin UEFA a 1989. Bayan tafiyarsa sai da suka jira har 2023 kafin su sake ɗaukar Serie A. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin zanen fuskarsa a bangon unguwar Quartieri Spagnoli ba, inda har yau ake kai furanni da kyandir.

A birnin nan ne kuma ya nutse cikin hodar ibilis, wadda ya fara sha tun yana Barcelona, ya yi hulɗa da iyalan Giuliano na ƙungiyar 'yan daba ta Camorra, hotuna ma sun fita. A wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniya na 1990, wanda aka buga a Napoli tsakanin Italiya da Ajantina, ya tunatar da mutanen birnin cewa sauran ƙasar ba ta tunawa da su sai yau da take neman goyon bayansu. Ajantina ta fitar da Italiya a bugun fenareti. Watanni takwas bayan haka, a Maris 1991, gwaji ya nuna hodar a jikinsa, aka dakatar da shi wata 15. Masoyansa na cewa rigar kariyar da aka daɗe ana lulluɓe shi da ita ce aka yaye don ramuwa. Ko da haka ne, bai musa cewa yana sha ba.

Masu kallo a Nijeriya sun shaida ƙarshen labarin da idonsu. Wasan 25 ga Yuni, 1994 a Foxborough, wanda Samson Siasia ya fara ci kafin Claudio Caniggia ya rama biyu, shi ne na ƙarshe da Maradona ya buga wa ƙasarsa. Daga fili wata ma'aikaciyar lafiya ta riƙo hannunsa zuwa gwaji, aka sami sinadarin efedirin, aka kore shi daga gasar. Cewa ya yi an sare masa ƙafafu.

Shaye-shaye dai kansa ya fi cutarwa. Ya kusa mutuwa a 2000 da 2004, kuma a bikin bankwanarsa a filin La Bombonera a Nuwamban 2001 ya ce ya yi kuskure kuma ya biya, amma kada a shafa wa ƙwallo. Mai bincike na ganin wannan ɓangare bai buƙatar dogon hukunci. Jinya ce, kuma mai ita ya ɗanɗana kuɗarsa. Batun harajin da Italiya ta shafe shekaru tana binsa ma, kotun ƙolin ƙasar ta wanke shi, aka sanar a farkon 2024, shekara uku bayan an binne shi.

5.0 Haƙƙin da ba na 'yan kallo ba

A Satumban 1986 wata mata a Napoli ta haifi ɗa ta ce nasa ne. Ya musa. Kotun Italiya ta tabbatar a 1993 cewa shi ne uban, amma sai a 2016 ya rungumi ɗan a gaban jama'a, yaron na dab da cika shekara 30. A Fabrairun 1994 ya harbi 'yan jarida da bindigar iska a ƙofar gidansa, ya raunata wasu, aka yanke masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na shekara biyu da wata goma a 1998. A 2014 wani bidiyo ya fita da ke nuna kamar yana kai wa budurwarsa duka. Shi ya ce wayar hannunta ya buge. A 2021 wata 'yar Kuba ta ba da shaida a gaban hukumomin shari'a a Buenos Aires cewa ta haɗu da shi tana shekara 16 lokacin da yake jinya a Havana, ta zarge shi da fyaɗe da koya mata shan hoda. Wannan zargi ya fito ne bayan mutuwarsa, ba a gurfanar da shi a kansa ba, kuma dole a ajiye shi a matsayin zargi. Amma ajiye shi a matsayin zargi daban ne da share shi daga lissafi.

Masoya na da hanyoyi biyu na tsallake wannan babi. Ta farko ita ce rabon da mai horar da jikinsa, Fernando Signorini, ya yi, wanda fim ɗin Asif Kapadia na 2019 ya ginu a kai: akwai Diego, yaro mai kunya da kirki, akwai kuma Maradona, siffar da ya ƙirƙira don jure shahara. Rabon na da amfani wajen fahimtar mutumin, amma a wajen hukunci dabara ce, domin duk abin kirki sai a ba Diego, duk ɓarna a jingina wa wani da ba za a iya kamawa ba. Ɗan da aka ƙi shekara talatin uba ɗaya gare shi.

Ta biyu ita ce maganar da ta yaɗu a kwanakin makoki, cewa ba ruwanmu da abin da ya yi da rayuwarsa, abin da ya yi wa tamu rayuwar shi ne abin dubawa. Maganar gaskiya ce a bakin mutumin Fiorito ko na Napoli, kuma ta rufe batun shaye-shaye sarai. Inda ta gaza shi ne ta ɗauka duk ɓarnarsa a kansa ta tsaya. Wanda ya ji daɗin ƙwallon 1986 na iya yafe ƙwallon hannu, na iya yafe kunyar 1994, domin shi aka ba kunya. Ba shi da hurumin yafe marin da ba a kuncinsa ya sauka ba.

Ranar mutuwarsa ta dace da ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don yaƙi da cin zarafin mata, kuma ta zo a ƙasar da gangamin mata na Ni Una Menos ya girgiza tun 2015, ana saura makonni biyar majalisa ta halatta zubar da ciki. Masu fafutukar mata a Ajantina sun rabu biyu. Wasu sun ce makokinsa cin amanar tafiyarsu ne. Wasu sun ce su ma 'ya'yan unguwannin talakawa ne, kuma mutumin da ya tsaya tare da iyayen waɗanda mulkin soja ya ɓatar, ya shiga zanga-zangar adawa da George Bush a Mar del Plata a 2005, nasu ne ko da aibinsa. A ganin mai bincike, wannan muhawara ta fi ta jaridun Ingila zurfi nesa ba kusa ba, domin masu yin ta sun yarda su riƙe so da tuhuma a lokaci guda ba tare da sun raba mutumin gida biyu ba.

6.0 Haƙƙinsa a kan wasu

Akwai ɓangaren da shi ne mai ƙara. Kwamitin likitoci da masu gabatar da ƙara suka kafa ya bayyana a 2021 cewa kulawar da aka ba shi a gidan Tigre ba ta wadatar ba kuma an yi ta da sakaci, an bar shi cikin mawuyacin hali sa'o'i masu yawa kafin ya cika. An tuhumi ma'aikatan lafiya takwas, ciki har da likitan da ke kula da shi, dukkansu sun musa laifi. Tun kafin nan, ranar da ya cika shekara 60, 30 ga Oktoba, an fito da shi filin kulob ɗin Gimnasia da yake horarwa, ana rirriƙe da shi da ƙyar yake ɗaga ƙafa, kyamarori na ɗauka.

Shari'ar bakwai daga cikin ma'aikatan lafiyar ta fara a San Isidro a Maris 2025. A ƙarshen Mayu aka rushe ta baki ɗaya, bayan an saurari shaidu da dama har da 'ya'yansa mata, saboda an gano ɗaya daga cikin alƙalai uku, Julieta Makintach, ta bari ana ɗaukar ta a wani fim da ake shiryawa a kan shari'ar.