Dashen na'urar ji a kunne: Abin da ya kamata masu matsanancin raunin ji su sani

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 430 a faɗin duniya, ciki har da yara miliyan 34, suna fama da raunin ji da ya kai matsayin nakasa. Da yawa daga cikinsu na'urar ƙara sauti da ake maƙalawa a kunne tana wadatar da su. Sai dai akwai waɗanda lalurar ta yi wa tsananin da ko an ƙara sautin ba sa rarrabe kalmomi, kuma su ne likitoci ke duba yiwuwar dasa musu na'ura a can cikin kunne.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel, kuma hirar yau da kullum takan kai kimanin desibel 60. A ma'aunin WHO na 2021, wanda ba ya jin sauti sai ya kai desibel 65 zuwa ƙasa da 80 yana da raunin ji mai tsanani, daga 80 zuwa sama kuwa lalurar ta zama matsananciya.

A Najeriya, cututtukan da ke jawo kurumta sun haɗa da sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, ciwon kunne mai zubar da mugunya da kuma zazzaɓin Lassa. Wasu magunguna irin su jentamaisin da kwinin kan lalata ji idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba, haka ma daɗewa cikin ƙarar janareta ko injin niƙa. WHO ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a tsakanin yara abu ne da za a iya kare faruwarsa.

A cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa da ake kira kokliya, wadda ƙananan ƙwayoyinta ke mayar da sauti saƙon lantarki zuwa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Na'urar dashe tana tsallake su ne, ta isar da saƙon kai tsaye ga jijiyar ji. Kashi biyu gare ta: na waje da ake sa wa a bayan kunne, mai ɗaukar sauti ya sarrafa shi, da na ciki da ake binnewa ƙarƙashin fata, wanda siririyar wayarsa ke shiga cikin kokliya. Maganaɗisu ne ke riƙe su a haɗe.

Likita William House ya fara gwada dashen a Amurka a 1961. A 1977 Ingeborg da Erwin Hochmair suka samar da mai tashoshi da yawa a Ostiriya, sannan Farfesa Graeme Clark ya dasa tasa a Ostareliya a 1978.

Kafin tiyata, ana gwada ji, a ɗauki hoton cikin kunne, a kuma tabbatar jijiyar ji tana aiki. Ana so a yi wa majiyyaci rigakafin sanƙarau, domin dashen yana ɗan ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Aikin kan ɗauki kimanin awa 2 zuwa 3, kuma galibi sai bayan mako 2 zuwa 4 ake kunna na'urar.

Sautin da ake fara ji yakan zo baƙo, ba kamar na kunnen halitta ba, don haka ƙwaƙwalwa tana buƙatar watanni na horo tare da ƙwararru kan ji da magana. Manya da suka iya magana kafin su kurumce sukan amfana da wuri. Yaron da aka haifa da lalurar kuwa ya fi cin moriya idan aka yi masa dashen a shekarun farko na rayuwa. Wanda sanƙarau ya kurumtar bai kamata a yi jinkirin kai shi asibiti ba, saboda ƙashi kan toshe kokliya bayan cutar har wayar ta kasa shiga.

Babban cikas shi ne tsada. Daga ƙasashen waje ake shigo da na'urar, kuɗinta da na tiyata sun kai miliyoyin naira, ga kuma hidimar batir da gyara da daidaita sauti har tsawon rayuwa. Asibitoci ƙalilan ne ke yin aikin a ƙasar nan. Mai neman shawara zai iya farawa da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Wanda dashen bai dace da shi ba, ko bai samu hali ba, yana da sauran hanyoyi: karanta leɓe, rubutu, saƙon waya da maganar hannu, wadda harshe ce cikakkiya da kurame ke amfani da ita. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, da aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta kare haƙƙinsu na samun ilimi da aiki. Ga iyalai kuwa, masana na ba da shawarar a fuskanci mutum yayin yi masa magana, a wuri mai haske, a bayyana kalmomi a tsanake ba tare da ihu ba.