Jinƙan Allah ga Jama'ar da Ba Ta Cancanta Ba, a Koyarwar Littafi Mai Tsarki

A Littafi Mai Tsarki, jinƙan Allah da amincinsa koyarwa ce da ke cewa Ubangiji yana riƙe alkawarin da ya ɗauka ko da waɗanda ya yi wa alkawarin sun juya masa baya. Yahudawa da Kirista duk suna riƙe da ita, ko da yake sun sha bamban a kan yadda take cika. Jigonta shi ne cewa dalilin jinƙan yana cikin halin Allah da rantsuwarsa, mutanen kuwa ba su da abin da za su yi taƙama da shi.

Littafin Maimaitawar Shari'a ya faɗi wannan ɓaro-ɓaro. A sura ta 7 Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa su ne mafi ƙanƙanta cikin al'ummai sa'ad da aka zaɓe su, a sura ta 9 kuma ya hana su cewa adalcinsu ne ya ba su ƙasar Kan'ana, domin masu taurin kai ne. Dalilan da ya kawo su ne ƙaunar Allah da rantsuwar da ya yi wa Ibrahim da Ishaku da Yakubu.

Tushen koyarwar yana cikin Fitowa, sura ta 32 zuwa 34. Musa yana kan Dutsen Sina'i kwana 40, sai jama'a suka matsa wa Haruna, ya tattara 'yan kunnensu na zinariya ya ƙera ɗan maraƙi, suka yi masa hadaya. Ko tawadar alkawarin da aka ƙulla a dutsen ba ta bushe ba. Da Musa ya tsaya roƙo, bai kawo wani halin kirki na jama'ar ba, don babu. Ya kawo abin da Masarawa za su faɗa a kan sunan Allah, ya kuma kawo rantsuwar da aka yi wa kakanni. An yi hukunci, mutum wajen 3,000 suka mutu, amma aka sassaƙa sababbin allunan dokoki a madadin na farko da Musa ya farfasa, aka sabunta alkawarin. A nan ne (Fitowa 34:6-7) Allah ya bayyana kansa a matsayin mai jinƙai da alheri, mai jinkirin fushi, mai gafarta laifi, wanda kuma ba ya ƙyale mai laifi ba horo. Wannan bayani ya sake fitowa a Ƙidaya 14, da Zabura 86 da 103 da 145, da Yowel 2, da Nehemiya 9. Daga gare shi Yahudawa suka ciro siffofin jinƙai 13 da suke karantawa a addu'o'in tuba, musamman a Ranar Kafara.

Babu littafin da ya sa wa koyarwar nan tsoka da jini kamar na annabi Yusha'u, wanda wasu ke kira Hosiya. Ya yi annabci a masarautar arewa a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, tun zamanin Sarki Yerobowam na biyu. An umarce shi ya auri Gomer, mace marar riƙon amanar aure, domin gidansa ya zama hoton abin da ke tsakanin Allah da Isra'ila, wadda ta bi Ba'al tana zaton shi ke ba ta hatsi da mai. Biyu daga cikin 'ya'yansu aka raɗa musu sunayen da ke nufin an janye jinƙai, an kuma daina kiransu jama'ar Allah. Kafin sura ta 2 ta ƙare, an juya sunayen biyu. A sura ta 3 annabin ya fanshi matar da azurfa shekel 15 da sha'ir. Sura ta 11 ta fi kowace taɓa zuciya: Allah yana magana kamar uban da ya koya wa ɗansa tafiya, ɗan ya gudu, uban ya kasa sallama shi. Duk da haka Samariya, babban birnin masarautar arewa, ta faɗa hannun Assuriyawa a wajen 722 kafin haihuwar Almasihu, wanda ke nuna cewa a wurin annabawa jinƙai ba ya nufin tsallake sakamakon zunubi.

Haka ya kasance da Yahuza, masarautar kudu. Sarki Nebukadnezzar ya rushe Urushalima da Haikalin a 587 ko 586, aka kwashe mutane zuwa bauta. A tsakiyar littafin Makoki, cikin kukan birnin da aka ƙone, mai makokin ya ce rahamar Ubangiji ba ta ƙare ba. Ezekiyel 36 ya fi kaushi, domin ya shaida wa 'yan bauta cewa saboda sunansa mai tsarki ne Allah zai komar da su. Irmiya 31 ya yi albishir da sabon alkawari wanda za a rubuta a zuciya. A 538 Sairus na Farisa ya ba da izinin komawa.

Littafin Yunusa ya kai batun waje da iyakar Isra'ila. Annabin ya husata da aka bar Nineba, babban birnin Assuriya, kuma hujjar fushinsa ita ce ainihin siffofin Fitowa 34: ya san Allah zai yafe, shi ya sa ya gudu.

A Sabon Alkawari, Yesu ya ba da misalin ɗan da ya lalatar da gadonsa, mahaifinsa ya ruga ya tarye shi (Luka 15). Bulus ya rubuta wa Romawa cewa Almasihu ya mutu saboda mutane tun suna masu zunubi, a sura ta 9 kuma ya ɗauko sunayen 'ya'yan Yusha'u ya danganta su da shigowar sauran al'ummai, sa'an nan a sura ta 11 ya nace cewa Allah bai yar da Isra'ila ba.

Koyarwar ta jawo muhawara mai tsawo a ikilisiya. A ƙarni na 2 Markiyon ya yi da'awar cewa Allahn Tsohon Alkawari na fushi ne, na Sabo kuma na jinƙai. Ikilisiya ta ƙi wannan, kuma nassoshin Fitowa da Yusha'u kaɗai sun isa su rushe da'awar. Agustin ya yi jayayya da Felajiyus a kan ko mutum zai iya yin biyayya da ƙarfin kansa, majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayan Agustin. Batun ya sake tasowa a ƙarni na 16 tsakanin Martin Luta da Ikilisiyar Katolika, wadda ta ba da amsarta a kan barata a Majalisar Tirent a 1547.