Tarihin Bacha a Abuja

Bacha, ɗakin katako da kwano, ta fara ne a matsayin rumfar ajiye siminti a wuraren gini. An kafa Abuja a 1976, aiki ya kankama a shekarun 1980, leburori suka yi ta kwararowa babu masauki. Sai maigadi ko birkila ya share gefen rumfar, ya toshe kafofi da buhun siminti, ya shimfiɗa tabarma, ya rataya labule.

Da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, haya ta gagari talaka, bacha ta koma gidan iyali. Rusau ɗin zamanin minista Nasir El-Rufai, 2003 zuwa 2007, ya kwashe da yawa, amma bai magance tsadar muhalli ba. Har gobe magidanta na kwana cikinta da 'ya'yansu, cikin zafin Maris da ruwan Agusta.